Komawa aiki bayan an ce jijiyar zuciyarka ta toshe

Tun mutum na kan gadon asibiti hankalinsa na kan shago ko ofis, wa zai riƙe gida, wa zai biya kuɗin makarantar yara. To ba wanda ya ce ba za ka koma ba, amma a hankali ake bin abun.

Ka fara tambayar likitanka yaushe, kuma ka faɗa masa ainihin aikin da kake, don mai ɗaukar dila a Kwari ko direban tirela ba ɗaya suke da mai zaman ofis ba. In sitent aka saka maka, wato ɗan bututun da ke riƙe jijiyar a buɗe, kuma aikin zama kake, da yawa sati 2 zuwa 4 sun koma. In ko ƙirji aka buɗe, ƙashin kansa sai ya yi sati 6 zuwa 8 kafin ya haɗe, wani ma sai ya kai wata 3 bai koma ba, kuma a lokacin ko jarkar ruwa kar ka ɗaga, balle tura mota in ta mutu.

Satin farko ka yi rabin wuni, azahar ta yi ka tafi gida, kar ka ji kunyar yaran shago wai za su ce oga ya tsufa, su ce mana.

Inda mutanenmu ke faɗawa rami shi ne magani, mutum ya ji garau sai ya ajiye asfirin da kulofidogirel wai ya warke, alhali su ne ke hana jini daskarewa a cikin sitent ɗin, galibi shekara guda ake haɗa su biyun, kuma likita ne kaɗai zai ce a tsaya. Ciwon baya ya taso kar ka aika kemis a siyo maganin ciwon nan daikulofinak, don bai dace da mai ciwon zuciya ba. Sigari da shisha kam an rabu kenan.

Maganin ƙarƙashin harshe, wato GTN, a aljihu zai zauna, ba cikin mota rana na dukansa ba. Ƙirji ya danne ka, ka zauna, ka saka, ka duba agogo minti 5, in bai saki ba ko zufa na keto maka sai asibiti, kuma ba kai za ka tuƙa ba. Kar a kuskura a haɗa shi da maganin ƙarfin maza irin su Viagra, jini zai iya faɗuwa warwas.

Sannan ka samu mutum ɗaya a wajen aiki ka nuna masa aljihun da maganin yake, ka ba shi lambar wani a gida.