Yadda ma'aikaci a Jamus zai yi yawon yini ɗaya a ƙananan garuruwa

Abokan aikinmu na Samaru da ke samun gurbin bincike a Jamus, musamman masu zuwa Göttingen kan harkar noma, yawancinsu idan sun dawo labarin Balin da Frankfurt kawai suke ba mu. Daga ɗaki sai ofis, daga ofis sai shagon Turkawa, ranar hutu kuma a kwana a waya ana hira da mutanen gida. Ni a ganina asara ce, domin ainihin ƙasar tana cikin ƙananan garuruwan da jirgi ke tsayawa minti ɗaya ya wuce. Ga yadda nake tsara tawa fitar.

Fara da tikiti. Akwai na wata-wata mai suna Deutschlandticket, wanda aka fito da shi a watan Mayun 2023 a kan Yuro 49, ya koma 58 a farkon 2025. Ka duba farashin yanzu kafin ka saya. Da shi za ka hau ƙananan jiragen ƙasa masu alamar RE da RB da S, da bas da taragon cikin gari, ko'ina a faɗin ƙasar. Fararen jiragen nan masu gudu, ICE da IC, ba sa ciki, kuma mai duba tikiti ba ya jin "ban sani ba": tarar aƙalla Yuro 60 ce. Da sunanka ake yankarsa, don haka katin shaidarka ya kasance a aljihu. Kuma kowane wata yana sabunta kansa, in za ka dawo gida sai ka soke shi kafin ranar 10 ga wata.

Daga nan sai lissafi, kuma daga ƙarshe ake faro shi. Kafin ka duba jirgin tafiya, buɗe manhajar DB Navigator ka ga na dawowa. Kada ka ɗora ranka a kan na ƙarshe, ka zaɓi wanda ke gabansa, saboda jiragen Jamus suna makara fiye da yadda ake ba mu labari. Sai ka duba lokacin salla. A Disamba magariba tana yi tun wajen ƙarfe huɗu da 'yan mintoci, wato azahar da la'asar da magariba duk a kan hanya za su same ka. A Yuni kuwa rana ba ta faɗuwa sai bayan tara da rabi, yini ne mai tsawo har ka gaji. Maganar kasaru da haɗa salla ka yi ta da malaminka tun kana Zariya, ka tafi da amsarka a hannu. Ƙaramar darduma da gorar ruwa su zama 'yan jakarka, domin a banɗakinsu babu buta, kuma na tasha sai ka jefa kusan Yuro ɗaya yake buɗewa.

Asabar ta fi kowace rana. Da safe kasuwar mako tana ci a dandalin tsakiyar gari, manoma su kawo dankali da tuffa da zuma da cuku, wajen ƙarfe ɗaya su naɗe rumfuna. Ga ɗan aikin gona nan ne makaranta: ka tsaya gaban mai dankali ka ga yadda ya rubuta sunan kowane iri a kan allo, wannan na dafawa, wancan na suya. Lahadi shaguna a rufe suke, Litinin kuma yawancin gidajen tarihi ba sa buɗewa.

Idan kana Göttingen, fara da Hann. Münden, tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba. Nan kogin Werra da na Fulda suka haɗu suka zama Weser, har an kafa dutse a bakin mahaɗar. Amma abin da ya fi tsayar da ni gidajen ne, sama da 700 masu ƙashin katako. Ka matsa kusa da wanda ake gyarawa, inda aka kankare farar ƙasa. Za ka ga tsakanin katako da katako saƙar itatuwa ce aka yaɓe da laka mai haɗin ciyawa, gida mai hawa uku, ya shekara ɗaruruwa, mutane na ciki suna shan shayi. Duk wanda ya taɓa ɗaga kai ya kalli bakan gizon da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaure a masallacin Juma'a na cikin birnin Zazzau zai gane hannun nan take. Su dai ba su raina ƙasa ba, suna ta yaɓe suna gyarawa.

Goslar ta ɗan fi nisa, a gindin duwatsun Harz. A gefenta akwai mahaƙar Rammelsberg, wadda aka shekara fiye da 1,000 ana haƙar ma'adinai a cikinta kafin a rufe a 1988, UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihin duniya a 1992. Ana ba ka hular kwano a shiga da kai ƙarƙashin ƙasa. Ka tafi da rigar sanyi ko da bazara ce. Duderstadt kuma bas ake hawa, kuma kusa da ita akwai gidan tarihin tsohuwar iyakar da ta raba Jamus biyu har zuwa 1989, da hasumiyar masu gadi da guntun shingen waya. Wolfenbüttel, kusa da Braunschweig, ita ce garin da Anton Wilhelm Amo ya tashi a fadar sarki, yaron da aka ɗauko daga yankin Axim na Gana ta yau, ya zama masanin falsafa, ya sami digirin dakta a Wittenberg a 1734. Gari ɗaya a yini ya isa. Masu haɗa uku ba sa ganin komai sai tashoshi.

Abinci shi ne inda ake shan wuya. A ƙaramin gari da wuya ka rasa shagon döner, wato irin shawarma, na Turkawa ko Larabawa, amma ka tambayi naman, kada gemun mai shago ya ruɗe ka. In ba ka natsu ba, kifi ko burodi da cuku sun wadatar. Ni da dabino da gyaɗa nake fita. Kilishi da dambun nama dai kada Hajiya ta cusa maka su a jaka daga gida, doka ta hana shiga Tarayyar Turai da nama, a filin jirgi za a ƙwace.

Ka riƙe tsabar kuɗi, ƙananan shaguna da yawa ba sa karɓar kati. In ka shiga shago ka ce "Guten Tag" tun daga ƙofa. Za a kalle ka, musamman in ka sa hula da kaftani, yawanci kallon baƙunta ne, tsofaffi ma su kan tsaya su tambaye ka daga ina. A wasu garuruwan kallon yakan zo da ɗaurin fuska, shi ya sa kafin ka je sabon wuri ka tambayi 'yan Afirka da suka daɗe a yankin. Ka bar wa abokin zamanka sunan garin da lokacin jirgin da za ka dawo da shi, ka kuma cika cajin waya, tunda tikitin yawanci a cikinta yake.