Yadda na tayar da Eye of the Beholder a sabuwar kwamfuta

Tun ina yaro nake ƙaunar wannan wasa na 1991, inda jarumai huɗu ke kutsawa magudanan ƙarƙashin birnin Waterdeep. Da na kwafo fayilolinsa zuwa sabuwar kwamfutata, sai ya ƙi buɗewa sam. Ashe don DOS, wato tsohuwar babbar manhajar kwamfuta, aka gina shi, Windows mai bit 64 kuwa ba ta gudanar da irin waɗannan tsofaffin manhajoji.

DOSBox, manhajar da ke kwaikwayon DOS a sabbin kwamfutoci, ita ce ta fitar da ni. Na zuba wasan a fulda guda, na rubuta mount c c:\wasanni a cikin DOSBox don ta ga fuldar, na shiga ciki na kunna shi. Ya tashi, amma yana jan ƙafa, sai na riƙa danna maɓallan Ctrl da F12 tare, masu ƙara masa gudu, har ya saki jiki. Sauti kuma AdLib na zaɓa, wato wani tsohon katin sauti na kwamfuta. Da kiɗan farko ya tashi, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi.