Yadda ake haɗa taga shara-shara a Windows, maɓallai kuma su fito rangaɗau

Salamu alaikum ƴan uwa masu rubuta kod. Wani kawuna ne ke da ɗan shagon siba da fotokofi can wajen kasuwar Dole, kwamfuta biyar ce a ciki duk tsofaffi, kullum kuma rigima ake da ƴan lekol a kan lokaci, wannan yace mintinsa 30 bai cika ba, wancan yace an cuce shi. Rannan muna shan shayi a ƙofar shagon yace min: “Ɗana, ka yi min ɗan agogo a kusurwar allo mai nuna mintin da ya rage, da maɓallin ƙara lokaci, amma kar ya rufe wa mutum takardarsa, ina son shi kamar labule shara-shara.” Nace to kawu, an gama. Aikin ya ci min kwana uku, shi yasa nace bari in rubuta hanyar ko wani zai huta. Da C# nayi a Visual Studio.

Abin da zaka riƙe tun farko ɗan uwa: jikin taga, wato akwatin da manhaja ke buɗewa a kan allo, daban, kayan da ke kanta daban. Jikin ne ake so ido ya ratsa, amma maɓalli da rubutu da akwatin shigar da lamba dole su tsaya da cikakken launinsu, in ba haka ba aikin banza akayi.

A Windows Forms, wato tsohon tsarin haɗa tagogi da C#, kowa Opacity yake fara taɓawa. Lamba ce daga 0 zuwa 1, ka sa 0.6 a lokacin da tagar ke buɗewa sai kaga ta koma shara-shara nan take. Illarta bata ware komai, duk abin da ke kan tagar tare suke dusashewa, har maɓallin har lambar agogon. A ɗakina da dare abin yayi kyau, da na kai shago da azahar hasken rana na shigowa ta ƙofa, ga farar takardar Word a bayan tagar, wallahi sai ka matso da fuska kafin ka bambanta 8 da 3. To Opacity tana da amfani in kana son taga ta bayyana a hankali ko ta ɓace a hankali, amma ba don wannan aikin ba. Kuma kar ka ɓata lokaci wajen sa BackColor na tagar ya zama Color.Transparent, kuskure kawai zai jefo maka yace tagar bata yarda da irin wannan launin ba.

Hanya ta biyu TransparencyKey. Nan kana zaɓen launi ɗaya ne kace wa Windows duk inda ka ga wannan launin a tagata ka huda wurin. Ga yadda ake yi:

this.FormBorderStyle = FormBorderStyle.None;
this.BackColor = Color.Magenta;
this.TransparencyKey = Color.Magenta;
this.TopMost = true;

Layin farko na cire kan tagar da gefunanta, na biyu da na uku su ne hudar, na huɗu shi ke hana sauran tagogi hawa kanta. Kana kunnawa zaka ga maɓallanka na shawagi a kan allo da cikakken launinsu, jikin tagar babu shi sam. Ana yawan ɗaukar Magenta ne don launi ne da ba a cika sa shi a maɓalli ko hoto ba, domin in launin da ka zaɓa ya bayyana a cikin hotonka, nan ma rami zaka gani.

Amma wannan hanyar bata san rabi-rabi ba, kowane ɗigon allo, wato pixel, ko dai yana nan ko baya nan. Daga nan matsalar rubutu ke tasowa. Windows na sassauta bakin haruffa don kar suyi kaifi kamar haƙoran zarto, yana gauraya launin harafin da launin da ke bayansa, to ɗigon da aka gauraya ai ya daina zama Magenta zalla, don haka ba a huda shi, sai kaga kowane harafi da ɗan zobe ruwan hoda kewaye da shi kamar an zana masa lalle. Maganin da na samu mai sauƙi shi ne kar ka ɗora rubutu kai tsaye a kan ramin, ka sa masa Panel, wato ɗan faifan da ake ɗora kaya a kai, mai launi sosai a ƙarƙashi. In dole sai rubutun ya tsaya shi kaɗai, to ka zaɓi launin huda da ke kusa da launin rubutun, misali rubutu baƙi da launin huda mai duhu ƙwarai wanda ya bambanta da baƙi da ɗan kaɗan, zoben na nan amma ido baya kama shi.

Abu na biyu, ramin rami ne na gaske, in ka danna linzami a wurin, dannawar na zarcewa ga abin da ke baya. Ga agogon siba wannan alheri ne, mutum na ci gaba da aikinsa. Amma tunda ka cire kan tagar, da me za a ja ta? Sai ka ajiye ɗan wuri mai launi a matsayin mariƙi, a MouseDown ɗinsa, wato lokacin da aka danna linzami a kansa, ka kira ReleaseCapture sannan SendMessage da saƙon WM_NCLBUTTONDOWN, lambarsa 0xA1, da HTCAPTION wato 2, duk daga user32.dll suke, sai Windows ya ɗauka kan taga aka kama ya ja ta da kansa.

To in kana son jiki shara-shara na gaske, ba rami ba, kuma baka son barin Windows Forms, akwai dabarar taga biyu, ita ma na kai wa kawu. Ta baya babu komai a kanta sai launi mai duhu da Opacity 0.6. Ta gaba ita ke ɗauke da maɓallai, da TransparencyKey. Ka sa Owner na ta gaba ya zama ta baya, wannan shi ke sa kullum tana samanta, in an rufe ta baya ko an sauke ta ƙasa ta gaba na bin ta. Ka sa ShowInTaskbar na ta gaba ya zama false don kar a ga abu biyu a sandar ƙasa, sannan duk lokacin da ta baya ta motsa ko ta canza girma ka kwafa Bounds ɗinta, wato wurinta da girmanta, zuwa ta gaba. Daɗin abin shi ne dannawar da ta ratsa ramin ta gaba a kan ta baya take sauka, don haka nan zaka sa kod ɗin ja. Tana aiki, sai dai a tsohuwar kwamfuta in ka ja da sauri zaka ga maɓallan na ɗan biyo baya.

Duk waɗannan a ƙasa abu ɗaya ne. Tun Windows 2000 akwai salon taga da ake kira WS_EX_LAYERED, shi Opacity da TransparencyKey ke kunnawa, su kira SetLayeredWindowAttributes a madadinka. Akwai ɗan uwansa UpdateLayeredWindow da ke ba kowane ɗigo nasa ma'aunin shara-shara, amma da shi kai zaka zana hoton tagar gaba ɗaya ka miƙa, maɓallan Windows Forms basa fitowa a kai. Ban ba wanda ke farawa shawarar ya bi ta nan ba.

Ni dai in aiki sabo ne WPF nake cewa a ɗauka, ita ma tsarin haɗa tagogi ce da C#, ta fito tun 2006 tare da .NET Framework 3.0, kuma ita ce ke zana maɓallanta da kanta, shi yasa abin da muka sha wahala a kansa a sama nan layi huɗu ne a kan Window cikin XAML, wato rubutun da ake tsara siffar taga da shi a WPF:

WindowStyle="None"
AllowsTransparency="True"
Background="#99000000"
Topmost="True"

Sirrin na cikin lambar launin. Haruffa takwas ne, biyun farko su ne kaurin launin, daga 00 wato babu komai har FF wato cikakke, 255 kenan, sauran shidan ja da kore da shuɗi ne bibbiyu. 80 rabi ne, 99 kashi 60 cikin 100, CC kashi 80. Kaga jikin tagar kaɗai ka sirantar, maɓalli da rubutu basu san anyi ba, bakin haruffa kuma sumul babu zobe. In kana son kusurwa mai lanƙwasa, kasa Background na tagar ya zama Transparent, a ciki ka ajiye Border mai CornerRadius 12 ka ba shi wancan launin, ka zuba kayanka a cikinsa. Kar ka taɓa Opacity na Window ɗin, nan ma komai zai dusashe kamar dai can. Jan taga kuma a MouseLeftButtonDown ka kira DragMove, shi kenan.

Wurare uku ake tuntuɓe. In kasa AllowsTransparency amma WindowStyle ba None ba, manhajar faɗuwa take tun wajen buɗewa. Sai kuma wurin da kaurinsa 00 ne, dannawa na ratsa shi, in kana son wurin ya zama ba a gani amma yana kama linzami kasa #01000000, ido baya ganin 1 cikin 255 amma Windows na lissafa shi. Na uku shi ya fi cin rai: tsohon WebBrowser da duk abin da ka shigo da shi ta WindowsFormsHost basa bayyana a irin wannan tagar, don su tagoginsu daban ne ba WPF ke zana su ba, to in aikinka na buƙatar su ka sani tun kafin ka fara.

Masu Qt, naku setAttribute ne da WA_TranslucentBackground haɗe da FramelessWindowHint. Masu Java kuma tun Java 7 setUndecorated sannan setBackground da launi mai kauri ƙasa da 255.

Da na mayar da agogon kawu WPF, a shagon na zauna na gwada shi ba a gida ba, kuma haka nake so kaima kayi. Ka buɗe farar takarda a bayansa, ka buɗe hoto mai duhu, ka buɗe shafi mai rubutu cunkus, kowanne ka ja baya taku biyu ka gani ko lamba na karantuwa. A 99 rubutun baya na shiga cikin lambobin agogon, sai da na kai B3, wajen kashi 70, da farin rubutu mai kauri, sannan kawu daga kan kujerarsa ta bakin ƙofa yace “yauwa ɗana, yanzu ina gani.” Ka tuna kuma da ka cire kan tagar maɓallin rufewa ma ya tafi, in manhajar ta kowa ce ka sa mata naka, in kuma irin ta siba ce da ba a son yaro ya kashe, ka tare Closing, wato lokacin da tagar zata rufe, ka sa Cancel ya zama true sai an shigar da lambar mai shago, don Alt da F4 na aiki ko babu kan taga. Topmost kuma baya hawa kan wasannin da ke ƙwace allo gaba ɗaya, don haka na ƙara ƴar ƙara da ke bugawa in saura minti 5.