Yadda ake bin sawun wutar daji a arewacin Damagaram

Shekarar da damina ta yi kyau, makiyayi murna yake yi, ma'aikacin gandun daji kuwa barcinsa raguwa yake yi. Ciyawar da ta rufe dajin Tanut, Belbeji, Gure da Tesker ita ce abincin dabbobi har faɗuwar ruwa, ita ce kuma makamashin wuta. Daga watan Oktoba, da zarar ƙarangiya da burburwa sun bushe har suna karyewa a hannu, garwashin shayi da aka tashi aka bari bai mutu ba, ko guntun sigari da aka jefo daga mota, ya isa ya cinye kiwon wata shida a yini ɗaya. Wannan bayani na waɗanda waya ke hannunsu ne a irin wannan lokaci: ma'aikacin ofishin magajin gari, mai shiri a rediyon karkara, shugaban ƙungiyar makiyaya, da ɗan birni wanda iyayensa ke ruga.

Abin da tauraron ɗan Adam yake gani

Hukumar NASA ta Amurka tana da taswira kyauta mai suna FIRMS. A rubuta sunan a Google, a buɗe taswirar, a matso da ita kan Nijar, a zaɓi awa 24 da suka wuce. Jajayen ɗigon da za a gani wurare ne da na'ura ta ji zafin da ya fi na kewayensu. Na'urorin iri biyu ne. MODIS tana kan taurarin Terra da Aqua, waɗanda aka harba a 1999 da 2002, kuma ɗigonta ɗaya yana wakiltar fili mai kilomita 1 kowane gefe. VIIRS tana kan Suomi NPP, NOAA-20 da NOAA-21, ɗigonta mita 375 ne kowane gefe, wato wajen hekta 14. A dajinmu VIIRS ta fi amfani, domin tana kama ƙaramar wutar da MODIS ke tsallakewa. Idan rezo ba shi da ƙarfi, a kashe sauran a bar ta ita kaɗai, taswirar za ta fi saurin buɗewa. Akwai kuma wurin da mutum zai zana iyakar yankinsa ya sa adireshin imel, duk lokacin da aka ga wuta a ciki a aiko masa da saƙo.

A danna ɗigo, za a ga lambobi biyu na wurin da kuma lokaci. Lokacin na agogon GMT ne, sai an ƙara masa awa 1 ya zama namu. Lambar farko tana ƙaruwa in an yi arewa, ta biyu tana ƙaruwa in an yi gabas. Birnin Damagaram yana wajen 13.80 da 8.99, Tanut kuwa wajen 14.97 da 8.89. Bambancin 0.01 kusan kilomita 1 ne. Wanda ya riƙe wannan zai iya ƙiyasta nisan wuta daga garinsu ko da taswira ta ƙi buɗewa.

Ga kuskuren da ya fi kowane yawa, wanda kuma yake jefa mutane cikin haɗari. Ɗigon yana nuna inda wuta take lokacin da tauraro ya wuce, ba inda take a yanzu ba. Taurarin VIIRS suna ratsa samanmu tsakanin ƙarfe 1 da 3 na rana, sai kuma tsakanin 1 da 3 na dare, kuma bayanin kan ɗauki har awa 3 kafin ya fito. Wutar da ta tashi bayan la'asar ta mutu kafin tsakar dare tana iya cin dubban hekta VIIRS ba ta ganta ba. Tauraron Meteosat na Turai yana kallon Afirka kowane minti 15, amma ɗigonsa ya kai kilomita 3, sai wuta ta yi girma yake ganinta. Ƙurar hunturu mai kauri da hayaƙi suna rage ganinsu duka. Saboda haka idan makiyayi ya kira ya ce ga hayaƙi, taswira kuma ba ta nuna komai ba, maganar makiyayin za a ɗauka.

Akwai kuma ɗigon da ba wutar daji ba ne. Matatar mai ta SORAZ da ke kan hanyar Tanut tana ƙona iskar gas, haka ma rijiyoyin mai na Agadem can jihar Difa. Ɗigon da ke fitowa wuri guda kullum, dare da rana, ba ya matsawa, irin wannan ne. A buɗe kwana 7 a duba: wutar daji tafiya take yi tana barin layi a bayanta. A watan Afirilu da Mayu kuma, ɗigon da suka warwatsu a kudu wajen Magarya da Matamai yawancinsu manoma ne ke ƙona sassabe.

Lissafin inda za ta nufa

Iska ce ke jan wutar ciyawa. A hunturu daga arewa maso gabas take busowa, don haka kan wutar yakan nufi kudu maso yamma. Manhajar Windy tana nuna ƙarfin iska da inda ta fito awa bayan awa, sanarwar hukumar hasashen yanayi ta ƙasa a rediyo ma tana taimakawa, amma a tabbatar da mutumin da ke wurin: ya ɗebi yashi ya sake, ya faɗi inda ya nufa. A nan iskar hunturu takan fi ƙarfi da hantsi, zafi da bushewa kuma su kai matuƙa bayan azahar. Daga hantsi zuwa la'asar ke nan wuta ta fi gudu.

Masana wutar ciyawa suna da ƙiyasi mai sauƙi na ranar da abu ya ɓaci. A ciyawa mai kauri da ta bushe ƙayau, wuta tana iya yin kashi ɗaya cikin biyar na gudun iska. Iska mai kilomita 30 a awa, wuta mai kilomita 6 a awa, wanda ya fi saurin mai tafiya a ƙasa, balle mai kora awaki da 'ya'yansu. Inda dabbobi suka riga suka cinye ciyawa ba za ta kai haka ba, amma da mafi muni ake lissafi. A kan tudun yashi kuma ƙara gudu take yi: duk hawan digiri 10 tana ninka saurinta.

Misali, an ga ɗigo mai lokaci 12:50. A agogonmu 1:50 ke nan. Ya fito a waya ƙarfe 4, iska kuma tana kilomita 30. Awa biyu da 'yan mintoci sun wuce, wutar tana iya kasancewa kilomita 12 ko fiye kudu maso yamma da ɗigon. Rugage da rijiyoyin da ke cikin wannan tazara, da na kilomita 12 na gaba, su za a fara kira, tun kafin a nemi mota.

A ajiye littafi ɗaya, mutum ɗaya ke riƙe da shi. Kowane labari a rubuta lokacinsa, wanda ya bayar, ko da idonsa ya gani ko ji ya yi, sunan rijiya ko tafki mafi kusa, inda iska ta nufa, da tsayin harshen wuta: gwiwa, ƙugu, ko ya wuce kan mutum. Mai babbar waya ya aiko da wurin da yake tsaye ta WhatsApp. Hoto da bidiyon da ba su da lokaci da wuri kada a tura su gaba, domin kowace shekara tsofaffin hotuna kan dawo su sa a kwashi mutane a kai su inda babu komai. Wanda ke riƙe da littafi shi zai sanar da ofishin gandun daji mafi kusa, da ofishin magajin gari, da mai gari ko arɗo, da 'yan kwana-kwana a lamba 18. Ga irin saƙon da ake so: "Ranka ya daɗe, ƙarfe 4 da minti 10, wuta tana gabas da rijiya kaza kamar kilomita 5, iska na kai ta kudu maso yamma, harshenta ya kai ƙugu, ruga uku na gabanta, mutum 20 sun fita da rassa, ba su da ruwan sha."

Bin masu kashewa

Littafin nan ya ƙunshi mutane kamar yadda ya ƙunshi wuta: su nawa suka fita, wa ke jagorantarsu, ta wane gefe suke, yaushe aka ji muryarsu na ƙarshe. A yi alkawarin kira kowane minti 30. Inda babu rezo a ware babur ɗaya don kai saƙo kawai, kada a ɗora masa wani aiki.

Wuta tana da kai, da gefe biyu, da baya. Ba a tarar kai. Ana farawa daga baya, daga wurin da ba za ta iya zagayowa ba, kamar hanya ko ƙorama ko faƙo, a bi gefe ana dukanta da ɗanyen reshen sabara ko kalgo ko kaba, ana share ta zuwa cikin inda ya riga ya ƙone. Masu shebur suna biye suna watsa yashi a gindin harshen. Famfon feshi mai lita 16, in an wanke shi sarai daga maganin ƙwari, yana aiki sosai a hannun wanda ke gaban masu rassa. Duk wannan sai harshen bai wuce kamar mita 1 da 'yan kai ba, wato ƙirjin mutum. Idan ya wuce haka a ja da baya, a jira ta a inda ciyawa ta yi ƙaranci, ko a jira dare lokacin da iska ke kwantawa. Aikin da aka yi tsakanin isha'i da asuba ya fi na rana albarka nesa ba kusa ba.

Abin da ya fi kashe mutane shi ne juyawar iska. Gefen da ya kai kilomita 5 yana tafiya a hankali, iska na juyawa sai ya zama kai mai faɗin kilomita 5. Don haka kowace ƙungiya ta sa mutum ɗaya a kan tudu wanda ba ya duka, aikinsa kallon hayaƙi da kiran mutane. Kowa ya san inda zai gudu kafin a fara, kuma mafaka mafi kusa ita ce baƙin wurin da ya riga ya ƙone. Kada a gudu zuwa saman tudu a gaban wuta. Tufafin auduga ake sawa da takalmi rufaffe, a rufe hanci da rawani. Rigar ƙwallo da silifas narkewa suke yi a jiki. Mai wannan aiki yana bukatar kusan lita 1 na ruwa a awa, ke nan jarka mai lita 25 ta mutum biyar ce na awa biyar. Wanda ya ƙone a zuba masa ruwa mai sanyi na minti 20, kada a shafa manja ko man goge baki, a kai shi likita.

Cinna wutar tarba, wato ƙona ciyawar gaban wuta daga bakin hanya don ta iso ta tarar babu abinci, dabara ce mai aiki, amma ta ma'aikatan gandun daji ce. A hannun wanda bai san iska ba, wuta ɗaya takan zama biyu. Hanyoyin tare wuta da ake sharewa da hauya da manjagara bayan damina, masu faɗin mita 15 zuwa 20, a sa su a taswira tun da wuri, a kuma bincika ko an kwashe ciyawar da aka share, domin in an tara ta a bakin hanyar ita ce za ta tsallakar da wutar.

Harshe ya mutu ba ya nufin an gama. Kandilo da kututturen aduwa suna riƙe garwashi har washegari, iskar hantsi ta mirgina su cikin ciyawar da ta tsira. A bi bakin ƙunar da ƙafa, a binne duk abin da ke hayaƙi, a tura kandilo ciki kamar mita 10, a bar masu gadi har awa 24, a kuma duba wucewar tauraro ta dare da ta rana mai zuwa kafin a rubuta cewa ta mutu. Wajen ƙiyasta asara kuma kada a ƙirga ɗigo a ninka da hekta 14, domin ɗigo ba ya cewa dukan filin ya ƙone, kuma inda wuta ta ratsa tsakanin wucewa biyu ba ya samun ɗigo. A zagaya bakin ƙunar a babur da manhajar GPS a kunne, ko a jira hoton tauraron Sentinel-2 na Turai, wanda ke fitowa kusan kowane kwana 5 kuma yana rarrabe fili har mita 10. A yi shi cikin mako biyu, kafin iska ta kwashe tokar ta rufe sawun da yashi.