Kafin ku kira mai gyara, ku duba ragar kwandensa

Masu kicin ɗin otal da gidajen abinci, ga wata shawara.

In bilas cilarku, wato firijin da ke huce dafaffen abinci cikin gaggawa, ta daina huce abinci da sauri, ko tana kashe kanta ana cikin aiki, kada ku ce gas ne ya ƙare.

Ku cire ta daga wuta, ku buɗe murfin wajen injin, ku haska ragar kwandensa da tocila. Sau da yawa za ku tarar ƙura da maiƙon suya sun cakuɗe sun liƙe ragar. Ku share da burushi mai laushi, kuna bin tsayin siraran ƙarafan don kada su lanƙwashe. Lokacin hunturu, kowane mako.

Ta ragar nan injin ke fitar da zafi. In iska ba ta wucewa, matsin gas ya hau, sai na'urar kariya ta yanke wa kwamfiresa, wato injin da ke matsa gas ɗin, wuta. Aikin bilas cila shi ne ta sauko da abinci daga digiri 70 zuwa 3 cikin minti 90, kuma da raga a toshe ba za ta iya ba.

Ku duba faranti ma. Shinkafa kada zurfinta ya wuce santimita 5, tsinken auna zafi kuma ya shiga tsakiyar abincin.

Amma in kun ga danshin mai a mahaɗar bututu, wanda alama ce ta yoyon gas, ko fanka ba ta juyawa, shara ba za ta yi magani ba. Ku kira mai gyara, kuma don Allah kada ku yarda ya ƙara gas sai ya gano inda ke yoyo ya toshe.