Kafin ka nemi katin bashi mai tukuici a Amurka: kurakuran da sababbin zuwa suka fi yi

Wanda ya sauka Amurka, karatu ya kawo shi ko aiki ko biza ta caca, ba ya daɗewa kafin ya ji labarin katunan bashi masu tukuici: waɗanda ke mayar maka da kashi 2 cikin 100 na abin da ka kashe, ko su tara maka maki har ka yanki tikitin jirgi zuwa Abuja ko Yamai. Sai mutum ya cike fom, ga albashi mai kyau, ga kuɗi a asusu, amma a ce masa a'a. Dalilin kusan kullum ɗaya ne. Bankin da ke ba da irin wannan kati yana duba yadda ka biya bashin da ka ci a baya ne, kuma sabon zuwa ba shi da komai a rubuce.

Kamfanoni uku ke riƙe da wannan tarihi: Equifax, Experian da TransUnion. Daga abin da suka tara ake fitar da makin da ke nuna amincin mutum wajen biyan bashi, wanda aka fi amfani da shi shi ne na FICO, daga 300 zuwa 850. Daga 670 zuwa sama ake kira mai kyau, kuma nan ne yawancin katunan tukuici suke fara sauraron mutum. Abin da CRC ko FirstCentral, masu irin wannan aiki a Najeriya, suka rubuta a kanka ba ya shiga rumbun waɗannan ukun. Ko shekara ashirin ka yi kana kasuwanci a Kantin Kwari ba ka taɓa saɓa alkawari ba, a wurinsu jiya aka haife ka.

Farawa da babban kati

Wannan shi ne kuskuren farko, kuma shi ke jawo na biyu. Mutum ya nemi babban katin tukuici irin su Chase Sapphire Preferred ko American Express Gold a watansa na biyu, aka ƙi, sai ya nemi wani a ranar, da wani kashegari, wai ko ɗaya zai faɗa. Duk lokacin da ka cike fom na gaske, banki yana buɗe fayil ɗinka, kuma wannan buɗewar tana barin tabo. Tabon yana zama a rahoto shekara biyu, FICO kuma yana lissafi da shi wata goma sha biyu. Guda ɗaya ba wani abu ba ne, sau da yawa bai kai maki biyar ba. Amma fayil da babu asusu ko ɗaya a ciki sai tabo biyar a mako guda, abin da banki ke karantawa shi ne mutumin da kuɗi suka yanke masa.

Gyaran shi ne a fara da katin da aka yi domin wanda ba shi da tarihi. Mafi sauƙi shi ne katin jingina, wanda bankuna ke kira secured card. Ka ajiye musu kuɗi, galibi daga dala 200, su ba ka kati mai iyakar abin da ka ajiye. Kuɗin naka ne, za a mayar maka ranar da aka ɗaga katin zuwa na yau da kullum ko ka rufe shi babu bashi a kai. Bankunan Discover da Capital One suna da irinsa, haka ma ƙananan bankunan haɗin gwiwa na unguwa. Ɗalibi kuma yana iya samun katin ɗalibai ba tare da jingina ba. Kafin ka ajiye ko sisi, tambayi abu uku: shin suna kai rahoto ga kamfanonin nan uku duka, akwai kuɗin shekara, kuma akwai hanyar ɗaga katin nan gaba? Idan amsar ta farko a'a ce, tashi ka tafi.

Yawancin manyan bankuna suna da shafin gwaji a intanet, inda za su leƙa fayil ɗinka su gaya maka katin da suke ganin za ka samu, kuma wannan leƙen ba ya barin tabo. Yi amfani da shi kafin fom na gaske. Idan kuma an riga an ƙi ka, kada ka yar da wasiƙar da za ta zo. Doka ta tilasta musu faɗin dalili, kuma tana ba ka damar karɓar rahotonka kyauta cikin kwana 60 daga kamfanin da suka duba.

Wanda bai kai shekara 21 ba sai ya nuna yana da kuɗin shiga na kansa, ko wani babba ya tsaya masa. Dokar katunan bashi ta 2009 ce ta ce haka. Wanda ba shi da lambar SSN, wato lambar shaida ta Social Security da gwamnatin Amurka ke bayarwa, wasu bankunan suna karɓar lambar haraji ta ITIN.

Abubuwan da ake zaton suna gina tarihi

Katin cire kuɗi na asusunka ba ya gina komai, ko nawa ka kashe da shi, domin kuɗinka ne kake kashewa. Haka katin da ake lodawa kuɗi. Adashen da ake zubawa a masallaci ko ƙungiyar 'yan gari shi ma babu mai kai rahotonsa. Kuɗin haya da na wuta galibi ba sa shiga idan kana biya daidai, sai dai in ka yi rajista da wani tsari na musamman, amma ka bari bashinsu ya taru har a miƙa shi ga masu karɓar bashi, yana iya bayyana. Akwai mutanen da suka yi shekara biyar a New York ko Houston suna biyan komai da tsabar kuɗi, suna ganin sun tsira daga bashi, sai ranar da suka je neman gida ko mota aka ce babu makinsu.

Barin ragowar bashi wai don maki ya hau

Wannan maganar ta yaɗu ƙwarai, kuma ba gaskiya ba ce. Babu inda lissafin FICO yake ƙara wa mutum maki don ya biya kuɗin ruwa. Abin da ake rubutawa shi ne an biya a kan lokaci ko ba a biya ba. Idan takardar wata ta fito ka biya dukan abin da ke cikinta kafin ranar wa'adi, babu ruwan da zai hau kan sayayyarka ko ƙwandala, kuma tarihinka ya ginu daidai da na wanda ya bar ragowa. Doka ta sa a ba ka aƙalla kwana 21 tsakanin fitowar takardar da ranar biya.

Ga Musulmin da ke gudun riba wannan batu ne babba. Malamai sun saɓa a kan sa hannu a yarjejeniyar da ke ɗauke da sharaɗin ruwa ko da mutum ba zai taɓa biyansa ba, wannan kuma tambaya ce ta malamin da ka yarda da shi. Abin da za mu iya tabbatarwa ta fuskar lissafi shi ne gina tarihi ba ya bukatar biyan ruwa.

Kuma a nan ne tukuicin kansa yake lalacewa. Ruwan katunan bashi a Amurka yanzu ya kan wuce kashi 20 cikin 100 a shekara. Ka yi sayayyar dala 1,000 da katin da ke mayar da kashi 2, ka sami dala 20. Ka bar wannan dubun wata guda a kan ruwan kashi 24, an caje ka wajen dala 20. Wata na biyu kai ke biyan banki. Mutumin da bai saba biya gaba ɗaya ba, katin tukuici ba nasa ba ne tukuna.

Cika kati har baki

Wannan ya fi kowanne ruɗa mutane, domin mai yinsa yana biya a kan lokaci amma makinsa ya ƙi motsi. Kashi 35 cikin 100 na makin FICO daga tarihin biya yake, kashi 30 daga yawan bashin da ke kanka, musamman idan an gwada shi da iyakar katin. Sauran: daɗewar tarihi 15, sababbin asusu 10, nau'o'in bashi 10. To ka ɗauki kati mai iyakar dala 500. Ka sayi kayan abinci da mai na dala 450, ka biya duka ranar wa'adi. Kai a ganinka babu bashi. Amma yawancin bankuna suna aika rahoto ne ranar da suka rufe lissafin wata, ba ranar da ka biya ba. Abin da Experian ta gani shi ne mutum ya cinye kashi 90 na abin da aka ba shi.

Don haka ranaku biyu za ka riƙe. Duba takardarka, za ka ga ranar rufe lissafi daban, ranar biya daban. Kwana biyu ko uku kafin ranar rufewa, biya mafi yawan abin da ka kashe, ka bar ɗan kaɗan ya fito a takarda, sannan ka biya shi kafin wa'adi. Ana yawan cewa kada a wuce kashi 30, wato dala 150 a wannan katin, amma masu maki mafi girma ƙasa da kashi 10 suke tsayawa, wato ƙasa da dala 50. Mafi sauƙi ma shi ne ka ɗora abu ɗaya ƙarami a kan katin, kamar kuɗin layin waya, ka ajiye shi a aljihun tebur. Daɗin abin shi ne wannan ɓangaren, a lissafin da aka fi amfani da shi, ba ya riƙo: idan watan jiya ya yi yawa, wannan watan ya sauka, makin yana dawowa.

Makara kuwa tana riƙo. Ka wuce ranar biya da kwana ɗaya ko biyar, banki zai ci ka tara, ruwa ma yana iya hawa, amma ba a kai rahoto. Ya kai kwana 30, sai a kai rahoto, kuma yana zama shekara bakwai. Yadda ta fi faruwa ga mutanenmu shi ne tafiya gida: an je hutun Sallah ko biki na wata biyu, layin Amurka ba ya aiki, lambar sirrin shiga manhajar banki ba ta isowa, ga bashin dala 12 na wata rajista da aka manta. Saita biya na kai tsaye daga asusunka tun ranar da katin ya zo, a kan cikakken kuɗin takarda, kuma ka tabbata akwai kuɗi a asusun kafin ka hau jirgi.

Tura kuɗi gida da katin bashi

An bugo waya daga gida, akwai rashin lafiya, albashi bai shigo ba, sai a sa katin bashi a manhajar tura kuɗi. Bankuna da yawa suna lissafa wannan a matsayin ciro tsabar kuɗi, daidai da zuwa na'urar ATM da katin. Akwai caji nan take, yawanci kashi 3 zuwa 5, wato har dala 25 a kan 500. Ruwan ya fi na sayayya tsada, yana fara hawa daga ranar babu jinkiri, kuma ba ya kawo tukuici. A tura daga asusun banki.

Kusa da wannan akwai ba ɗan'uwa aron kati, ko tsaya masa a bashin mota. Kunya tana hana cewa a'a, amma ranar da ya makara, sunanka ne a rahoto. Hanyar da ta fi tsafta ita ce mai tsohon kati mai kyau ya saka sabon zuwa a matsayin wanda aka yarje wa amfani da katin. Bankuna da yawa suna kai tarihin wannan kati cikin fayil ɗin sabon, kuma ba dole ba ne a miƙa masa katin a hannu. Sai dai idan mai katin ya makara ko ya cika shi, abin ya shafi su biyun.

Gaggawa, da rufe katin farko

FICO ba ya fitar da maki sai kana da asusun da ya kai wata shida. Lambar da kake gani a manhajar duba maki ta Credit Karma tun watan farko ta VantageScore ce, wani lissafi daban, kuma tana iya nuna 720 alhali bankin da za ka nema bai ga komai ba. Mu dai shawararmu a yi shekara guda cur da katin farko kafin a nemi babban katin tafiye-tafiye. A tsakani ana iya ƙara kati na biyu marar kuɗin shekara bayan wata shida zuwa tara, shi ke nan.

Akwai dalilin ƙin tara ƙananan katuna barkatai, irin waɗanda kantuna ke tallatawa a wurin biya da ragin kashi 15 ko 20. Masu bin wannan harka sun daɗe da gane cewa Chase galibi ba ya ba wanda ya buɗe katuna biyar cikin wata 24, daga kowane banki, ko da bankin bai wallafa ƙa'idar ba. American Express kuma yawanci sau ɗaya yake ba mutum kyautar maraba, wato tukuicin buɗe sabon kati, a kan kowane kati. Wanda ya ƙona gurabensa a katunan kanti zai zauna jira.

Idan babban katin ya samu, kada a rufe na farko matuƙar ba shi da kuɗin shekara. Rufewa yana rage jimillar iyakarka, sai kason bashinka ya yi sama. A roƙi banki ya mayar da jinginar ya bar asusun a buɗe, a riƙa sayen ɗan abu da shi lokaci-lokaci don kada su rufe shi da kansu.

Rashin duba rahoto

Sunayenmu suna da rubutu iri-iri. Fasfo ya ce Muhammad, lasisin tuƙi ya ce Mohammed, banki ya juya sunan uba ya zama na farko, ga kuma masu suna Abubakar Ibrahim fiye da ɗaya a gini guda a Bronx. Haka ake samun bashin wani a fayil ɗin wani. Rubuta sunanka a kowane fom daidai da yadda yake a katin SSN, harafi da harafi. Wata biyu bayan buɗe katin farko, shiga AnnualCreditReport.com, shafin da doka ta tanada, ka ciro rahotanni ukun kyauta ka ga ko asusun ya bayyana a dukansu. Duba rahoton kanka ba ya rage maki. In ka ga abin da ba naka ba, kai ƙorafi ga kamfanin da ya rubuta shi, doka ta ba su kwana 30 a mafi yawan lokuta su bincika, kuma ba a biyan komai.

Masu tallan gyaran maki a WhatsApp ba su da wata ƙofa da kai ba ka da ita, kuma dokar tarayya ta hana su karɓar kuɗi kafin su yi aikin. Wanda kuma ya ce zai sayar maka da sabuwar lamba mai alƙaluma tara ka sa a madadin SSN, sau da yawa lambar wani ce aka sato, kuma sa ta a fom ɗin banki laifin zamba ne da ke iya taɓa takardun zamanka a ƙasar.