Kurakuran da ke kwantar da tsofaffin manyan motoci da yadda ake gyara su

Duk wanda ya bi ta Mararrabar Jos kusa da Kaduna da asuba, ko ya shiga kasuwar Panteka ta Kaduna neman kayan gyara, zai ga tireloli da tipofi ƙirar Mercedes 911 da MAN da DAF da Mack, waɗanda wasunsu sun girmi direbobinsu, amma har gobe suna dakon siminti da yashi da hatsi. Idan ɗaya ta kwanta sai a ce tsufa ne ya cim mata. A ganina ana ɗora wa tsufa laifin da ba nasa ba, domin yawancin abin da ke kai waɗannan motoci gareji tsimi ne na ɗan kuɗi kaɗan da aka maimaita har ya zama al'ada.

Babban kuskure yana wajen sanyaya inji. Da zarar mota ta fara zafi, abin da wasu makanikai ke fara yi shi ne cire tamostat, wato ɗan bawul ɗin da ke tsara shigar ruwa lagireto, da hujjar cewa don ƙasashen sanyi aka yi shi. Injin dizal an ƙera shi ne ya yi aiki a zafin da ya kai digiri 80 zuwa 95 a ma'aunin Salshiyas. Idan babu wannan bawul, da sanyin safiyar hunturu injin yana daɗewa bai ɗumama ba, man gas ba ya ƙonewa sosai, sai ya riƙa wanke baƙin man da ke jikin silinda, ringi ya cinye da wuri. A injuna da dama ma cire shi yana barin wata gajeriyar hanya a buɗe, ta yadda wani kaso na ruwan ke zagayawa ba tare da ya ratsa lagireto ba, wato zafin da ake gudu yana nan. Abin da ya dace shi ne a mayar da sabo, sannan a nemi ainihin dalilin zafin, wanda sau da yawa toshewar lagireto ce, ko sakin bel na fanka, ko murfin da ya daina riƙe matsi. Ruwan rijiya da na kogi da yaran mota ke ɗurawa shi ne ke haifar da tsatsa da daskararren gishiri a ciki, don haka a wanke lagireto a zuba ruwan sanyaya inji na musamman. Wanda motarsa ta riga ta tafasa a hanya kuwa, kada ya buɗe murfi ya kwara ruwan sanyi nan take, domin haka ake tsaga kan inji.

Ƙurar hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, tana cika matatar iska cikin ɗan lokaci, musamman ga tipofin da ke shiga bakin Kogin Kaduna ɗibar yashi. Buga matatar a jikin taya, ko hura ta da iska mai ƙarfi daga waje, yana yaga takardarta, ƙura kuma ta wuce kai tsaye ta goge silinda kamar sanfefa. A hura ta a hankali daga ciki zuwa waje, a haska fitila a ciki, idan haske ya ɓullo ta wata kafa to ta gama aiki. Haka kuma baƙin hayaƙi ba kullum ne laifin injekta ba, kuma an sha kunce famfon injekta mai lafiya alhali injin iska ce kawai ta yi masa ƙaranci.

Man gas na jarka da aka gauraya da kananzir ba shi da santsin da famfon injekta da nozul ke buƙata, ruwan da ke cikinsa kuma sai an riƙa tsiyaye shi daga ƙasan filta. Ƙara baƙin mai ba juye ba ne, sai an zubar da tsohon an canza filta tare. Mota mai tobo, wato na'urar da ke ƙara tura wa inji iska, tana son a bar ta a silo na minti 3 zuwa 5 bayan doguwar tafiya kafin a kashe.

Batun birki ya fi duk waɗannan nauyi, domin nan rai ne. Kwamfireso yana tura iska tare da danshi, danshin yana taruwa ya zama ruwa a tankunan iska, ya sa bawuloli tsatsa, ya kuma rage wurin da iskar za ta zauna. Jan igiyar ƙasan tanki kowace yamma ba ya cin minti biyu, amma direbobi da yawa sai damina ta tuna musu. Kada a ɗaga mota kafin allurar agogon matsin iska ta kai wajen bar 8, kuma idan tana sauka bayan an kashe inji to akwai yoyon da za a nema da ruwan sabulu. Mafi muni shi ne toshe bututun wata ƙafa da ke yoyo a ci gaba da tafiya da sauran, ko sakin mota firi a gangara don tsimin mai. A firi injin ba ya riƙe mota, kwamfireso yana juyi a hankali, direba yana ta taka birki har iska ta ragu kuma takalman birki su yi zafi su daina kamu. A shiga gangara da giyar da za a iya hawa ta da ita.

Lodin da ya wuce ƙima kuwa sifirin da kuloci da shasi ne ke biyan kuɗinsa. Ƙara ganyen sifirin ba ya ƙara wa aksul ko birki ƙarfi. Idan shasi ya tsage, jan walda a kan leɓensa na sama ko na ƙasa yana raunana ƙarfen, ya sake karyewa a gefen ɗinkin. Gyaran da ke ɗorewa shi ne a huda ƙarshen tsagar don ta tsaya, a cike ta, a ɗaura faranti mai tsawo da kusoshi a tsakiyar ƙarfen, kuma a cire wayoyin batir biyun nan masu ba da bolt 24 kafin mai walda ya kunna injinsa.